Kusar Da Ta Goce

Yana kwance rub da ciki, kuncinsa a kan matashin roba, lokacin da likitar ta ce ya motsa babban yatsan ƙafarsa ta hagu. Ya motsa. Ta ce to ya ci gaba da yi mata hira, kada ya yi shiru.

Magini ne. Bara ya faɗo daga saman gini, aka tsaga bayansa aka ɗaure ƙashin da kusoshin ƙarfe. Har ya fara leƙa wurin aiki, sai ƙafar hagu ta ɗauki zugi kamar ana zuba mata garwashi. Hoto ya nuna kusa ɗaya ta ɗan goce, ta ɓantari ƙashi, ɓantaren ya danne jijiya. Da ya ji batun sake yi masa tiyata ya ce shi kam gara ya riƙe sanda, don bai manta watannin da matarsa take juya shi kamar jariri ba. Yayarsa ce ta tsare shi da ido har ya yarda.

Ga shi yanzu idonsa biyu, allurar kashe zafi kawai aka yi masa. An huda gefen bayansa, an zura bututu mai kaurin biro da 'yar kyamara a bakinsa. Nas ta tambaye shi ko yana son gani, ya ce e. Ta juyo masa da allon da ke nuna hoton kyamarar.

Da farko ruwa kawai ya gani da jan nama. Sai ga gefen kusar yana ƙyalli, kusa da shi wani farin abu siriri yana ɗan bugawa a hankali. 

"Jijiyarka ce, Baba," in ji likitar. "Ita ke kai saƙo ƙafarka."

Ya kama tasbihi. Wani ɗan awartaki ya shigo cikin hoton, ya laluba, ya kama ɓantaren ƙashin, ya ja da baya kaɗan-kaɗan. A allon ɓantaren ya kai dutse girma. Da nas ta nuna masa shi a faranti, ko ƙwayar shinkafa bai kai ba.

Nan take zugin ya ɗauke ɗif. Tsoro ya kama shi, ya ce ƙafar ta mutu. Likitar ta ce ya motsa ta. Yatsun suka motsa gaba ɗaya, kuma ya ji sanyin zanen gado a tafin ƙafarsa. Hawaye suka jiƙa matashin, bai share ba.

Da la'asar matarsa ta ɗaga rigarsa tana neman ɗinki. Filasta ɗaya ta samu. Ta juya ta ce wa yayar tasa anya kuwa mutanen nan sun yi aikin, ko dai sun fasa ne? Yayar ta ce ta tambayi mai bayan mana, ga shi nan ya miƙe da kansa.

Yana tsaye a bakin gado, ya saki dukan nauyinsa a kan ƙafar hagu.

"Maigida, me ka gani a ciki?" in ji matar.



"Wani farin zare ne," ya ce. "Bai kai igiyar awona kauri ba. Ashe a kansa nake hawa gini duk shekarun nan."