Layin Tambaya Ta Ashirin Da Uku

Su ne. Su suka ɓata jarabawar nan, masu digirin da suka rataye takardu a bango kamar kayan ado. Su suka ce a saki sakamako, a duba layuka daga baya... ga shi sun fita cin abinci, ko wanda ya ce masa taso mu je babu. Shi kaɗai ne a ofishin tantance tambayoyi, sai fanka mai kuka, sai kwamfuta.

Shekara goma sha tara yana ofishin nan. Da buga takardu ya shigo, wani littafi da aka yar a sito ya koya masa sauran. Shi ya fara gaya musu tambaya ma tana da hali kamar mutum: wata mai tsauri ce, sai gwani, wata sakarai, kowa ya zo ta miƙa masa hannu, wata ko da canki-canka ana cin ta. Kada a tambayi yaro nawa ka ci, a tambaye shi waɗanne. Suka tuntsire da dariya, suka sa masa Farfesan Sito. To yau wa ke zana musu layukan?

Kowace tambaya da layinta a kwamfuta. Layi mai lafiya hawa yake yi, rago a ƙasa, gwani a sama. Ta ashirin da biyu ta hau. Ta ashirin da huɗu ta hau. Ta ashirin da uku kuwa...

Gangarowa take.

Yana goge tabarau da bakin riga. Har yanzu gangarowa. Wato wanda ya sha karatu ya faɗi, wanda ya rufe ido ya caka ya ci. Gwanayen duk amsa ta biyu suka zaɓa, takardar amsoshi ta ce ta uku. Tambayar lafiyarta ƙalau, takardar ce ta yi ƙarya. Kuma jarabawar shiga makarantar jinya ce, an liƙa sunaye tun makon jiya, masu kuka sun yi, masu murna sun kai wa tela farin yadi.

Ya gyara, ya sake lissafi. Mutum talatin da ɗaya sun haye. Goma sha huɗu sun rikito. Bai san sunan ko ɗaya ba, lambobi ne... lamba tana da uwa kuwa?

Bara, a gaban kwamiti, ya ɗaga tambayar wata abokiyar aiki da yatsa biyu: Hajiya, wannan tambaya ce ko tarkon ɓera? Ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. Yayarsa ta sha faɗa masa, ƙanena, bakin nan naka sai ya share maka tabarma ka zauna kai kaɗai. Ita ma wata nawa rabon da ta kira?

Bari dai ya ga wane gwanin ne ya rubuta amsoshin, yau sai ya ji a jikinsa. Durowa ta biyu, fayil mai igiya... shafi na uku...

Ukun nan mai doguwar wutsiya. Biro kore. Sa hannu a ƙasa, har da ƙawa.

Nasa ne.

Ba wanda ke karanta layukan nan in ba shi ba. In ya ɗaure igiyar, magana ta mutu. In ya buɗe baki, talatin da ɗaya su shiga, goma sha huɗu su cire fararen kaya, Hajiya kuma... wa zai tsaya masa? Wa ya bari?

Takun sawu a matakala, da dariya. Shugaban sashe ya leƙo yana sakace.

"Farfesa, layukan naka duk sun hau dai ko?"

Bakin da bai taɓa kwana da bashin amsa ba.

"Ana dubawa, ranka ya daɗe."

Ƙofa ta rufe. Hannunsa na kan fayil, bai ɗaure ba, bai ɗauka ba. Kai mai karatu da kake taɓe baki, kai ma abin da za ka ce ke nan. Musanta mana, in ka isa.