Mujallun Da Jibrin Ya Bari

Jibrin ya rasu a watan Agustan 2013, cikin makon da aka sa dokar hana fita a Alƙahira saboda tarzoma. Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, ko da yake a kwanakin nan mutane sun gaji da tambayar abin da ya kashe wani. Bahaushen Sudan ne, ɗan garin Mai Wurno, direba. Ya bar mata ɗaya, Mahasin, mai aikin goge-goge a gidan wata madam a unguwar Muhandisin, da 'ya ɗaya, Hauwa, da ke can gida wajen kakarta. Sai akwatin ƙarfe guda biyu, masu nauyin tsiya.

Amininsa a duk faɗin garin shi ne Ɗantsoho, mutumin Gusau, wanda ya zo karatun fiƙihu shekara ashirin da suka wuce, tallafin ya ƙare karatun bai ƙare ba. Kunyar komawa gida hannu rabbana ta sa ya koyi ɗaurin littattafai, ya buɗe ɗan shago a ƙarƙashin matakalar wani gini a unguwar Ainu Shams. Kuma ya iya, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ɗalibai kan kawo masa littafi yana zubar da ganye kamar tsohuwar kaza, su dawo bayan mako su same shi tsaye cikin baƙar fata. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin takarda a yage ya ɗauke kai.

Kwana bakwai da rasuwar, Mahasin ta aika a kira shi. Tana takaba, don haka daga bayan ƙofa ta yi magana. Ta ce cikin akwatunan mujallun zane ne na da, waɗanda Jibrin ya yi shekaru yana tsintowa a kasuwar tsofaffin littattafai. Ya bar mata wasiyya kada ta kuskura ta ba masu sayen tarkace. Akwai wani Ustaz Rashid, ga katinsa, shi ya san darajarsu, kuma abin da zai bayar ya isa ta koma Mai Wurno ta sayi keken ɗinki ta zauna kusa da 'yarta. Rabonta da Hauwa shekara huɗu. Tana so a yi cinikin a gabanta idan ta fita takaba, amma bangon ɗakinta yana tsattsafo, tana tsoron danshi.

"Malam, kai ne ka san takarda," in ji ta. "Ka riƙe mini su amana."

Da ya buɗe akwatin farko a shago, sai da ya yi tsaki. Mujallu ne sama da ɗari uku, bugun Larabci na shekarun sittin da saba'in, cike da ƙartai masu tashi sama sanye da kamfai a kan wando. Wannan bai dame shi ba, kowa da abin da ke faranta masa rai. Halin da suke ciki ne ya sosa masa zuciya. Kowace an cusa ta cikin leda da ɗan kwali a baya, kamar kifin da za a kai kasuwa. Wayoyin da aka ɗinke su da su sun yi tsatsa. Gefen takardun ya yi ruwan ƙasa, wasu kusurwoyin sun lanƙwashe. Ya zauna yana jujjuya ɗaya, yana jin ƙanshin sigarin Jibrin a jikinta, hawaye suka zubo masa. Ya ce a ransa, talauci ne ya hana bawan Allahn nan kula da kayansa, kuma wane mai saye ne zai ba da kuɗin kirki a kan wannan tsumma?

Nan ya ɗaura niyya. Bai gaya wa Mahasin ba, so yake ta gani da idonta. Bai kira Rashid ya yi shawara ba, don a ganinsa mai saye ba ya koya wa mai sana'a aikinsa.

Kasuwa ta mutu a watannin nan. Ɗalibai da yawa sun gudu gida, waɗanda suka rage ba ta littafi suke ba. Sai ya ba aikin dukkan yininsa. Ya zare wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya cire shafukan talla, na sabulu da cingam da 'yan takardun gasa, don bai ga abin da ya haɗa su da labari ba. Ya jera mujallun bisa lamba, ashirin-ashirin, ya ɗinke da zaren lilin, ya shafa gam, ya kai injin yanka aka datse gefen nan mai ruwan ƙasa har ya fito fari tas. Fatar ma ba ta ɗalibai ya sa ba, jar fatar akuya ya nemo, wadda yake ajiye wa manyan tafsirai. A gadon bayan kowane kundi ya buga sunan Jibrin da ruwan zinari. Tun da ya fara sana'ar bai taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, shi kansa ya sani, kuma yana aikin ne kamar yana yi wa abokinsa sutura ta biyu.

Kundi goma sha biyar suka kammala. 'Yan mujallu takwas suka yi saura da ba su cika kundi ba, ya mai da su ledarsu yana jin haushin ya bar aiki da gutsure.

Mahasin ta fita takaba a ƙarshen Disamba. Da ta ga kundayen jere a kan kanta, ta dafe ƙirji, ta shafa sunan mijinta da yatsa, ta yi ta sa masa albarka har ya ji kunya. A makon nan ta sallami aikin madam, ta kira gida ta ce a gaya wa Hauwa tana tafe kafin azumi.

Rashid ya zo wata Asabar da hantsi, ana sanyi mai shiga ƙashi. Bamisire ne mai furfura, mai sanyin magana, da 'yar jaka. Ya yi ta'aziyya sosai, ya ce shekara goma yana bin Jibrin ya sayar masa, Jibrin yana dariya yana cewa na 'yarsa ne. Ya wanke hannu, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya fito da gilashin duba ƙananan abubuwa, ya ce yalla, wato maza, a kawo akwatunan.

Ɗantsoho ya ɗauko kundi na farko ya ajiye gabansa.

Rashid bai taɓa shi ba tukuna. Ya dube shi, ya dubi kantar, ya ƙirga da ido. Sannan ya buɗe a hankali, ya bi gefen da aka datse da ɗan yatsa, ya leƙa ramukan zare, ya nemi shafin ƙarshe bai samu ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," in ji Ɗantsoho, har da ɗan murmushi.

Da Rashid ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Bai yi ba. A hankali ya yi bayani, kamar likita. Ya ce su a harkarsu maki ake ba mujalla, daga ɗaya zuwa goma, kuma abin da ake saye shi ne a same ta yadda ta fito daga maɗaba'a. Wayar nan mai tsatsa, ita ake dubawa. Ruwan ƙasan gefen shi ne shaidar shekarunta. Takardar gasar da yara kan yanke, samunta a jiki shi ke raba mujallar da ake rububi da wadda ake nannaɗe gyaɗa da ita. Lamba ta ɗaya da Jibrin ke da ita, shi da idonsa ya ba ta takwas, kuma bai san wata irinta a Masar ba. Yanzu an yanke ta, an huda ta, an shafa mata gam. Ba ta da maki, ko ɗaya.

Ɗantsoho ya ce ai zai iya warwarewa. Rashid ya tambaye shi ko zai iya mai da abin da inji ya datse.

Takwas ɗin da suka yi saura su Rashid ya duba da gilashinsa, ya saya, ya ma ƙara a kan farashinsu don kunya. Kundayen kuwa ya ce aiki ne mai kyau, wallahi mai kyau, wataƙila wani mai gidan shayi ya saya don ado. Ya ce ma'alish, a yi haƙuri, sau uku kafin ya fita.

Abin da ya bari a kan tebur zai kai mutum Aswan, can kudancin Masar, ya dawo, ba zai kai shi Mai Wurno ba. Mahasin ta fi Ɗantsoho jin Larabci, babu abin da za a fassara mata. Tana zaune a kan benci, ta ƙudundune cikin mayafi, idonta a kan kundayen. Shi kuwa ji yake da ƙasa za ta tsage da ya shige. Ya buɗe baki ya ce, "Ummu Hauwa," sai ta riga shi.

"Na san don Allah ka yi, Malam," ta ce. Muryarta ba fushi, gajiya ce kawai. "Ni ma da na gani murna na yi. Sai yanzu na tuna. Kowace takarda ta gidanmu kai Jibrin yake kawo wa, har littafin girkina. Waɗannan kaɗai ne bai taɓa kawo maka ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce ba ya so ya ce maka kada ka taɓa, ka ji ba daɗi."

Ta miƙe ta gyara mayafinta. Ta tambaye shi ko wayarsa da kuɗi, tata babu. Ya miƙa mata, yana zaton gida za ta kira. Ta fita bakin matakala ta juya masa baya, ya ji ta sauya murya ta koma ta ladabi, tana gaishe da madam, tana tambaya ko an riga an ɗauki wata a gurbinta.