Layi Uku da Na Goge

Aikinmu a kamfanin nan haɗa ƙananan akwatunan kwamfuta ne, waɗanda ake kafawa a tashoshin tura ruwa. Kowane akwati yana lura da tanki da injin famfo, duk bayan daƙiƙa goma ya aika wa ɗakin sa ido saƙo: ruwa ya kai nan, injin yana juyawa, zafinsa kaza. Tsakanin kwamfutar da katin da ke fitar da saƙon akwai wata 'yar manhaja da muke kira direba. Ita ke miƙa wa katin saƙo, ta karɓo amsa. Idan ta faɗi, akwatin ya zama kurma kuma bebe, sai an tura mutum da mota ya je ya kashe ya kunna.

Malam ne ya rubuta direban nan, shekara goma sha shida da suka wuce. Shi ne kuma ya koya min aiki, tun ina zuwa ofis da takalmin makaranta ina musu da kowa. Shi ya sa min suna Barkono, har manaja ya ɗauka. Teburinmu a ɗaki ɗaya yake, ƙarƙashin wata na'urar sanyaya ɗaki da ke ɗigar da ruwa cikin bokitin fenti. Nasa na jikin taga, saboda idonsa. A 'yan shekarun nan ganinsa ya ja baya sosai. Haruffan allonsa sun kai girman babban yatsa, duk da haka sai ya kusan manna hancinsa a jiki. 'Yarsa ta fari ce ke kawo shi da safe, ta hau da shi bene, ta ɗiga masa magani a ido, ta ce da ni, "Anti, ga amanarki nan," ta wuce wurin aikinta.

Da aka sauya mana samfurin kati, direban ya fara faɗuwa jifa-jifa. Manaja ya kira ni ni kaɗai a ofishinsa, ya ce in gina abin da zai riƙa tayar da shi ba tare da an tura mota ba. Sannan ya ƙara da cewa, yana wasa da makullin motarsa, "Ki sa ya riƙa ƙirga faɗuwar. Idan abin ya yi yawa, za mu ɗauko direba daga waje, Malam kuma ya je ya huta. Ya yi ƙoƙari."

Ya huta! Mutumin da ko ranar da aka yi masa aikin ido sai da ya bugo waya yana tambayar sakamakon gwaji.

Wata uku na yi ina ginin, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Na ware wuri a wajen direban inda ake ajiye adireshin akwatin, da saitin katin, da duk saƙon da aka aika ba a samu amsarsa ba. Da zarar direban ya faɗi, tsarin zai share shi, ya tayar da sabo, ya mayar masa da kayansa, ya sake aika saƙonnin da suka maƙale. Duk cikin rabin daƙiƙa. A gwaji ni da kaina nake kashe shi da gangan, sau dubu a yini, yana tashi. Na kuma sa masa birki: in ya faɗi sau biyar cikin minti ɗaya, to saƙon da ke gaban layi ne ke kashe shi, a jefar da saƙon, a kunna ƙararrawa a ɗakin sa ido.

Muka ɗora shi a tashoshi goma don gwaji. Rahoton makon farko ni ya fara zuwa wa. Faɗuwa ɗari huɗu da goma sha biyu. Na sake dubawa, na goge tabarau na sake. Na ɗaga kai, ga Malam can jikin taga yana ɓare lemu da farce, yana tara ɓawon a kan takarda.

"Barkono, yaya tsohon direban nan? Yana tsaye?"

"Yana tsaye, Malam," na ce. Ƙarya ta farko ke nan, kuma ta fito min da sauƙin da har yau nake jin kunyarsa.

A wurinmu ba a shigar da gyara sai mutum na biyu ya karanta ya sa hannu. Mutum na biyu a kan duk abin da ya taɓa direba Malam ne. Tun da idonsa ya yi rauni muka saba da wata hanya: in jawo kujera kusa da shi, in karanta masa gyaran da baki, layi bayan layi, har waƙafi da baka. Shi kuma ya rufe ido ya jingina, yana kaɗa yatsa. Wallahi ya fi masu ido biyu kama kuskure. Sai ka ji ya ce, "Tsaya. Koma baya layi huɗu. Wa ya saki wannan ma'ajin?"

Ranar na goge layi uku, waɗanda ke ƙara ɗaya a kan ƙidaya duk lokacin da direban ya faɗi. Na cusa gogewar cikin wani dogon gyara na tsaftace rubutu. Na zauna na karanta masa komai, da na iso wurin sai na tsallake, ko numfashina bai sauya ba. Ya ce, "Madalla, aikinki tsaf." Na nuna masa inda zai danna, ya danna, sunansa ya hau.

Na gaya wa kaina cewa zan nemo ciwon direban a ɓoye in gyara. Sai aiki ya taso, sai ƙaramin ɗana ya yi ƙyanda, sai aka ɗora tsarin a tashoshi tamanin. Rahoto kullum sifili. Manaja ya daina maganar hutu, har ya tsaya a bakin ƙofarmu wata rana ya ce, "Malam, ashe tsohon hannu ba wasa ba." Malam ya yi dariya har da buga tebur. Ni kuma na ji daɗi, in faɗi gaskiya, na ɗauka na rufa masa asiri. Baban yarana kaɗai na gaya wa. Yana gugar kayan makarantar yara ya ce, "Shi ya ce ki rufa masa?" Na hau shi da faɗa, na ce me ya sani a aikinmu. Ya ci gaba da gugarsa.

Wata takwas aka yi haka. Ranar wata Talata da hantsi waya ta shigo: injin famfo ya ƙone a wata tasha, unguwanni biyu ba ruwa, har da wani ƙaramin asibiti. Ɗakin sa ido sun rantse fitilar tashar kore ce tun safe.

Na buɗe bayanan akwatin. Wani saƙo ne mai tsayin da ya wuce saba ya kashe direban. Tsarina ya tayar da shi, direban ya aika gaisuwar "ina nan", fitila ta zauna kore. Tsarina ya sake miƙa masa saƙon nan, ya sake faɗuwa. Haka, haka, awa huɗu. Labarin cewa tanki ya ƙafe yana bayan layi, bai taɓa fita ba. Birkin da na sa kuwa yana nan daram yana jiran ƙidaya ta kai biyar, ƙidayar da ni na hana ta motsi daga sifili. Ni na rubuta su duka biyun, amma da yake a fayil dabam-dabam suke, ranar da nake gogewa ko tuna birkin ban yi ba. Tausayi ya rufe min ido, na manta da aikin hannuna.

Washegari aka yi zama a ɗakin taro. Manaja ya haska gyaran a bango, layi ukun sun fito ja, a ƙasa ga sunana ga na Malam.

"Direbanka ne ya faɗi, Malam, kuma kai ka amince a cire ƙidaya. Ita yarinya ce a gabanka. Me ya sa?"

Malam ya juya fuskarsa wajen bangon, ya ƙanƙance ido. Na san jan launi kawai yake gani. Ya buɗe baki, na kuma san abin da zai ce, zai ce laifinsa ne, don bai taɓa barin na ƙasa da shi ya sha duka ba.

"Bai gani ba," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. "Ni nake karanta masa. Na tsallake wurin da gangan. Sau ɗari huɗu da sha biyu ya faɗi a makon farko, na ɓoye don kada ku sallame shi."

Manaja ya daɗe yana kallona, sannan ya ce za a ba ni takardar gargaɗi, an kuma cire hannuna daga shigar da gyara sai abin da hali ya yi. Malam kuwa ba shi da laifi, ya ci gaba da zama, a haɗa shi da wani mai karanta masa. Ko ba komai kujerarsa ta tsira.

Muka koma ɗakinmu. Ya laluba ya zauna, ya ɗora tafin hannunsa biyu a kan tebur.

"Ɗari huɗu da sha biyu," ya ce. "A mako."

"Malam, ka yafe min. Tsoro na ji."

"Na sani, 'yata. Ban ce mugunta kika yi ba. Wata takwas ina komawa gida ina gaya wa uwar yaran nan cewa ido ya tafi amma kai yana nan, aikina ko sau ɗaya bai faɗi ba. Har ta gaya wa 'yan'uwanta. Ashe ɗauke da ni ake yi."

"Ai manaja ya ce ka zauna."

"In zauna in yi me? Duk wanda ya karanta min yanzu, zan riƙa sauraron inda ya tsallake ne. Ke ma da na yarda da ke kin ga ya fi min kyau kada in sani." Ya shafa fuska. "Da kin gaya min ran nan, da mun zauna mun nemo shi. Ciwon direba ne fa, Barkono, ba mutuwa ba. Ba ki ma ba ni damar in gwada ba."

Ni da ba a raba ni da amsa, na zauna ina kuka kamar yarinya, shi yana ba ni haƙuri.

Ranar Litinin 'yarsa ta zo ita kaɗai da kwali da takardarsa ta ajiye aiki a ambulan. Ta kwashe kofinsa, da maganin idon, da ƙaramar fankar tebur. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi yara, ba ta ƙara komai ba.

Na zauna a kan direban. Kwana biyu ya ɗauke ni. Sabon katin yana karɓar saƙo mai tsayi fiye da tsohon, ma'ajin da Malam ya tanada wa saƙo ya gaza da kaɗan, shi ke nan. Lamba ɗaya aka sauya. Da na karanta masa wurin, ba zai kai azahar bai ce "tsaya" ba.

Na kira wayarsa in gaya masa. 'Yar ce ta ɗauka. Na ji ta rufe bakin wayar, na ji muryarsa can nesa, sannan ta dawo.

"Anti, ya ce ya gode. Ya ce ki samu wani ya karanta kafin a shigar."