Rumbu na Biyu

Shekarar da ruwa ya ɗauke masara ba ta yi goyo ba, ni ne babban dattijo a majami'ar ƙauyenmu, kuma ni kaɗai nake da rumbu biyu cike da ragowar bara.

Mai bishararmu, Malam Msiska, ba shi da gona. Shekara tara ikkilisiya ce take ciyar da shi da matarsa. Kowace Lahadi mata sukan kawo garin masara a kwando. A shekarar nan kwandon ya yi ta raguwa, har ranar da aka ajiye shi babu komai ciki.

Muka zauna taro kan maganar a gindin mangwaro bayan sujada. Tsoho Harawa ya kawo labarin gwauruwar da ta ba annabi Iliya ɗan garin da ya rage mata, garin kuwa bai ƙare ba. Duk aka juyo ana kallona.

Na ce, "Ita annabi ne ya yi mata alkawari baki da baki. Mu wa ya yi mana? Yusufu da ya ga yunwa tafe, tara hatsi ya yi. Allah bai hana mutum hankali ba."

An san ni da sanin Littafi, don haka babu wanda ya ja da ni. Malam Msiska yana zaune, hularsa a gwiwa. Ya dube ni, abin da ya ce kawai, "Baba Gondwe ya yi karatu."

A gida matata NyaMhango ta ajiye mini nsima, tuwon masararmu, ta tsaya a kaina.

"Baban Tiwonge, rabin labarin ka faɗa. Yusufu ya tara, amma da yunwar ta zo ai buɗewa ya yi."

"Yaushe aka naɗa ki fasto?"

"Ni mai daka ce. Na dai san abin da ke rumbu."

Washegari na sa wa rumbu na biyu kwaɗo. Abin da ban faɗa a taron ba shi ne, ina yaro na ga ƙanwata ta mutu da yunwa a bayan uwarmu. Tsoro ne ya kama ni, na nemo masa aya.

Bayan mako uku Malam Msiska ya kama hanyar garinsu a ƙafa, tafiyar kwana biyu ta kan duwatsu, matarsa da tsohon ciki. Ta isa, amma ba ta tashi daga haihuwar ba, ita da jaririn.

Damina ta gaba ta yi kyau. Ko rumbun farko ba mu cinye ba. Da na buɗe na biyu, ƙwari sun mayar da rabinsa gari. NyaMhango ta leƙa, ta koma ɗaki.

Na ɗaura buhun masara a keke na tafi neman Malam. Na same shi yana ƙona gawayi a bayan gidan wansa, ya rame, gashi ya yi fari. Ya kai ni kabarin matarsa. Na durƙusa, na faɗa masa duk abin da na yi.

Ya ce, "Tashi, Baba. Kai ka ji tsoro ka rufe rumbu. Ni na ji tsoro na bar aikin da aka ba ni, na ja mace mai ciki a kan dutse. Shekara tara ina gaya muku Allah yana ciyarwa. Kwando ya bushe mako uku, na gudu."

Na roƙe shi ya dawo. Ya ce ba zai iya sake tsayawa gaban mutane ba tukuna. Ya karɓi buhun, ya ce a miƙa wa surukarsa.

Ya raka ni har bakin hanya yana tambayar waɗanda ya yi wa baftisma, ɗaya bayan ɗaya, da sunayensu. Na yi ta amsawa. Uku daga cikinsu yunwar ta tafi da su, na kasa gaya masa. Na ce duk suna lafiya, suna gaishe shi.