Furanni a Gindin Katanga

Malam Isyaku ya shuka irin ranar wata Talata a farkon Afrilu, ya rasu ranar Litinin ɗin da ta biyo baya. Bai ga tsiron ba.

Wurin da ya shuka bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Yana tsakar gidansu a Sheshe, a gindin katangar ƙasa da ta raba su da gidan Alhaji Tanko. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da lambun wani gida a Nasarawa, daga can kuma ya zo da irin furannin, ƙunshe a takarda. Bai sake neman wani ba. Duk shekara in furannin sun bushe a tsaye, sai ya murje kawunansu a faifai, ya zuba irin a gwangwanin madara, ya rataye a ƙusa. Bana ya juye gwangwanin kaf, don ya ce irin bara ya yi rauni.

Matarsa Mero ta shiga takaba. Makon farko gidan ya cika da masu gaisuwa. Bayan kwana arba'in 'yarsu Sa'ida ta koma wajen mijinta a Kaduna, aka naɗe tabarmin aro aka mayar. Gidan ya rage daga Mero sai tsiron da ya kai tsawon yatsa.

Ba ta taɓa yi musu ban ruwa ba, aikinsa ne. Ta dai san buta biyu yake zubawa da safe, biyu da yamma. A zafin bazara ta ga buta biyu rowa ce, ta koma bokiti. Sai ta lura rabin ruwan yana gangarewa ya fita ta rariyar da ke kusurwar katanga, ya tafi lungu a banza. Ta cusa tsumma a bakin rariyar, ta danne da ɓarin bulo. Daga ranar ƙasar ba ta sake bushewa ba.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Mayu. A mako na uku na Yuni furannin suka buɗe. Dogayen sun kai mata ƙugu: ja, ruwan goro, ruwan ɗorawa, da farare guda shida. A ƙarƙashinsu akwai wasu ƙanana masu buɗewa da hantsi su rufe kafin azahar. Malam Isyaku yana kiransu da sunayen Turanci da ba ta taɓa riƙewa ba. A shekarun da ta yi a gidan ba ta ga sun yi kyau kamar bana ba. Ta ƙirga ɗari da goma sha huɗu. Washegari ta sake ƙirgawa.

Ta gaya wa Sa'ida a waya.

"Na Babanku sun fito."

"Allah sarki. Umma, kin ci abinci kuwa?"

"Jajayen sun fi yawa."

"Ki sa a ɗauko min hoto."

Wayar Mero ba ta ɗaukar hoto, babu kuma wanda za ta sa. Ta ce to.

Ranar Alhamis aka yi ruwa mai ƙarfi daga azahar zuwa bayan la'asar. Tana ɗaki tana sauraron ƙarar kwano. Da ta fito ruwa ya kwanta a tsakar gida har idon sawu. Sai a lokacin ta tuna da bulon. Ta cire shi, ta zare tsumman, ruwan ya ɗauki kusan awa ɗaya yana fita.

Da safe Tani, matar Alhaji Tanko, ta yi sallama.

"Yaya Mero, ya ƙarin haƙuri?"

"Mun gode Allah."

Tani ba ta zauna ba. Ta wuce gindin katanga, ta ɗaga ganye da hannu ta leƙa. Danshi ya hau har gwiwa, ƙasar ta yi baƙi. Daga sama wata tsaga ta sauko, siririya kamar zare.

"Ta wajenmu ta fi haka," in ji ta. "Kin san ɗakin tsohuwar Alhaji ne a bayan nan. Jiya da ƙyar muka lallaɓa ta ta kwana a nawa, yau ta ce ko gawarta ba za ta sake ba. Alhaji ya aika a kira Audu magini."

Audu ya zo bayan Juma'a. Ya yi sallama sau uku daga zaure, Mero ta ja mayafi ta tsaya a bakin ƙofar ɗakinta, sannan ya shigo. Ya danna babban yatsansa a gindin katangar, yatsan ya shige har gaɓa. Ya dubi bulon da tsumman da ke yashe a gefen rariya.

"Wa ya toshe wannan?"

"Ni ce."

Audu ya goge yatsansa a riga, ya ce:

"Marigayi duk shekara kafin ruwa ya sauka yakan kira ni, in share rariyar nan, in yi wa gindin yaɓe. Bana na ji shiru, na ce ba zan dami gidan makoki ba."

Mero ba ta san da wannan ba. Tana ganin Audu a gidan duk shekara, ta ɗauka hira yake zuwa.

Ya ce sai an haƙa gindin kamu ɗaya da rabi, an jera dutse, an ɗaure da siminti. Ya nuna iyakar haƙan da ƙafarsa. Layin ya cinye wurin furannin gaba ɗaya.

"A ba ni sati uku," in ji Mero. "Irin bai nuna ba. In aka cire su yanzu, shi ke nan, babu wani."

"Hajiya, katangar nan ba ta san sati uku ba. Ruwa ɗaya ya rage mata. In ta yi ƙoƙari, biyu."

"In na dasa su a wani abu fa, za su kama?"

"Ni ƙasar gini na sani. Ta shuka sai marigayi."

Daga bayan katanga tsohuwa ta yi tari, aka ji tana kiran Tani. Mero ta dubi sama. Hadari yana taruwa a gabas.

"Ka zo gobe da safe," ta ce.

Da yamma ta ɗauko ƙaramar fartanyar Malam Isyaku, ta haƙo guda biyar da ƙasarsu, ta dasa a tsofaffin gwangwanayen fenti. Su ke nan gwangwanayen da ke gidan. Sauran ta yanke su da wuƙar kicin, don kada a tattake su, ta tara a daro. Daron ya cika ya yi tozo.

Tani ta shigo da kwanon tuwo, ta tsaya tana kallo.

"Ki ɗebi wasu," in ji Mero.

"Me ake yi da su? Jiƙawa ake a sha, ko turare ake haɗawa?"

"Kallo ake yi."

Tani ta yi dariya, sannan ta ga ba wasa ba ne. Ta zari guda uku, ta riƙe su kamar alayyafo, ta yi godiya ta fita.

Audu ya gama aikin cikin kwana biyu. Ruwan Litinin ya zo ya wuce, katanga ba ta motsa ba. Inda furannin suke ya zama dakalin siminti, an bar wa rariya baki mai faɗi. Na cikin daro sun yi yaushi tun rana ta biyu, ta juye su a kwandon shara.

Cikin biyar ɗin da ta dasa, huɗu sun sunkuyar da kai, ba su sake ɗagowa ba. Ɗaya ja ya tsaya, ganyensa na ƙasa sun ƙone. Ta mayar da shi bakin ƙofar ɗakinta, ƙarƙashin ƙusar da gwangwanin madara ke rataye babu komai a ciki. Da Sa'ida ta kira ta tambayi hoton, Mero ta ce an gyara katanga.

Da safe ta cika butarsa. Ta zuba kaɗan a gwangwanin fentin, ta taɓa ƙasar da yatsa, ta ajiye sauran.