Makokin Mai Abarba

Sana'ata kuka. Tun ina budurwa ake ɗaukata in sa fararen kaya, in rarrafa daga bakin titi har gaban akwatin gawa ina kiran mamaci Baba ko Inna, a madadin 'ya'yan da idonsu ya bushe. Duk ƙauyukan kudancin lardin Pingtung an san muryata, ni Ang Siu-kim. Ban taɓa shiga aji ba, amma ban taɓa yi wa mai rai kuka ba, sai da yaran kwaleji suka sa ni.

Maigida Tsan, mai shirya jana'iza, wanda ke kirana aiki, shi ya nuna musu gidana. Wani yaro ya zo, Pan Jia-rong, siriri kamar sandar rake, da gilashi da gashi a tsaitsaye. Ya ce wasan kwaikwayo na rediyo suke haɗawa, shi ne aikinsu na ƙarshen shekara, kuma tashar garinmu ta yarda za ta riƙa sa musu ranar Lahadi, tsakanin tallan maganin gwiwa da waƙoƙin tsofaffi. Wai duniya ta ƙone, ragowar mutane sun shiga wani jirgi suna neman wata duniyar a bayan taurari. Direban jirgin ya fita gyara, igiyarsa ta tsinke, ya tafi ke nan. Suna neman wadda za ta yi masa kuka a matsayin 'yarsa, don yarinyar da suka ba aikin in ta yi kuka kamar kyanwa ce aka taka wa wutsiya.

Na tambaye shi sunan mamacin. Ya ce Ku Tiam-hok. Na ce, sunan nan yana da mai shi? Ya ce ƙagagge ne, Goggo, shi ya zauna ya ƙirƙiro shi. Na sake tambaya, ya sake rantsewa. Duk wanda ya san aikinmu ya san dalilin tambayar: sunan da aka kira cikin kuka an riga an tura shi gaba, ba ya dawowa.

Ɗakin da suka kai ni ba taga, sun manna kwalayen ƙwai a bango. Tukunyar dafa shinkafa ce injin jirginsu, suna kanga abin ɗaukar murya a bakin tururinta. Murfin kasko shi ne ƙofa. Wata yarinya tana murza ledar biskit, wai wutar taurari ce. Na sa fararen kayana na durƙusa, suka ce ba sai na sa ba, rediyo ba ya gani. Na ce ni ina gani. Da na ji ba gawa, ba kabari, mutum yana can yana yawo cikin duhu ba mai ɗauko shi, sai na yi masa irin kukan da nake yi wa masunta da teku ta ci. Na kira sunansa, na ce ya waiwayo ya ga hanya. Yarinyar mai leda ta fashe da kuka na gaske. Shi kuwa Jia-rong ya cire abin kunnensa ya ce ya yi kyau ƙwarai, amma wani ya yi tari, a maimaita. Na maimaita har muryata ta dushe.

Aka sa shi ranar Lahadi. Kafin azahar ta Litinin mutane sun fara sauka a wani gida da ke ƙauyen gaba da namu, da fararen ambulan na ta'aziyya a hannu. Suka tarar da mamacin zaune a gindin mangwaro yana cin shinkafa da kifi.

Ni na san tsohon. Kowa ya san shi, Mai Abarba ake ce masa tun kafin a haifi rabin garin, don gonarsa ce ta cika gefen dutse. Wa ya san sunansa na takarda? Sa'o'insa sun sani, danginsa sun sani, kuma tsofaffinmu ba sa kashe rediyo ko suna wanka. Sun ji muryar da suka saba ji a kowace jana'iza tana kiran Ku Tiam-hok, ba su tsaya jin zancen jirgi ba, suka nemi baƙaƙen rigunansu.

A makon ne kuma hawan jininsa ya tashi aka kwantar da shi asibiti. Babban ɗansa ya zo ƙofar gidana ya watsa gishiri da shinkafa na korar mugun abu, a gaban maƙwabta, yana tambayata wa ya biya ni in yi wa ubansa baki. Suna rigimar iyakar gona da wani, sun ɗauka shi ne. Na ce yaran makaranta ne. Ya ce yaran makaranta ina suka san sunan ubansa. Maigida Tsan ya daina kirana. Da na same shi a shagonsa ya ce shi bai ce na yi laifi ba, amma ba gidan da zai yarda mai kiran rayayyu ta taka masa ƙofa. Aka yi jana'iza uku a watan, duk wata yarinya 'yar birnin Kaohsiung aka ɗauko, mai kuka da jan baki.

Na shiga bas na tafi kwalejin. Aka kai ni wurin malamarsu, Malama Fan, mace mai sanyin murya, ta ba ni shayi a kofin takarda. Ta ce ta yi baƙin ciki matuƙa, za su cire wurin daga abin da suka ajiye, za su kuma rubuta ban haƙuri a shafin makaranta na intanet. Na ce mata waɗanda suka watsa mini gishiri ba sa shiga intanet, ni kuma ko an manna mini rubutun a goshi ban iya karanta shi ba. A kunnen gari aka ɓata ni, a idon gari za a wanke mini ƙofa: jan ƙyalle a kan ƙofata, faranti na binlang, wato goronmu na taunawa, da taba a kasuwar safe ta gaban haikali, wanda ya yi laifin ya tsaya ya faɗa da bakinsa, ya miƙa wa kowa. Ta ce makaranta ba za ta iya tilasta wa ɗalibi irin wannan ba, amma za ta kai maganar gaban kwamiti. Jia-rong yana tsaye a bayanta yana kallon takalminsa. Da zan fita ya biyo ni ya ce in saurari rediyo ranar Lahadi, sun samo gyara.

Na ɗauka haƙurin zai bayar. Na kira maƙwabciyata ta zauna shaida, na ƙara murya. Sai ga tukunyar shinkafa tana huci. Wai wasu halittu masu hannu takwas sun ji kukan 'yar yana ratsa sama, ya taɓa musu zuciya, suka bi sautin suka tsinci direban, suka hura masa rai. Ga Ku Tiam-hok ya tashi yana tambayar ina jirginsa. Suka sake sa kukana a ƙarƙashi, da ganga.

Maƙwabciyata ta yi dariya har ta riƙe ciki. Washegari a kasuwa mai naman alade ya hango ni ya ce wa matar da ke gabansa, "In surukarki ta mutu kada ki kira Siu-kim, tashi za ta yi." Da ana tsorona, yanzu an koma yi mini dariya, kuma ba wanda ke ɗaukar abar dariya ta yi wa uwarsa kuka.

Na ji daga bakin yarinyar mai leda cewa ranar Juma'a za su gabatar da aikin gaban manyan malamai da baƙi. Ranar na sa fararen kayana tun daga gida, har da hular tsumma mai rufe fuska, na shiga bas. Ba wanda ya zauna kusa da ni. Na je na durƙusa a bakin ƙofar zauren. Ban yi kuka ba, ban kira sunan kowa ba. Baƙi suka zo suka tsaya cirko-cirko, ba mai son ya tsallake ni. Wani mai gadi ya zo zai kama hannuna, ya dubi kayan, ya mai da hannunsa aljihu. Malama Fan ta fito tana roƙona a hankali in tashi mu yi magana a ofis. Na ce na sha shayinta sau ɗaya, ya ishe ni.

Jia-rong ya fito ya tsuguna gabana, fuskarsa fara fat kamar awara.

"Goggo, don girman iyayenki ki tashi. Makinmu duka yana kan yau."

"Ina ka samo sunan?"

Na gyara durƙuso na ce gwiwoyina sun saba, na taɓa kwana biyu a haka.

"Kakana ne," ya ce. "Mahaifin mamata."

Wai a gonar tsohon ya tashi, wai ya so ya sa sunansa a kan jarumin ne don ya ji daɗi, bai taɓa zaton abin zai kai haka ba, a birni ba wanda ke damuwa da irin wannan. Da ya ga kawunnansa sun harzuƙa sai tsoro ya kama shi, ya bar su suna zargin mai iyakar gona. Na tambaye shi a birnin ne aka koya masa rantsuwa kan ƙarya sau biyu, ko a gonar. Na ce ko ya zo kasuwa ranar Lahadi da faranti, ko in tafi gidan kakansa daga nan a cikin kayan nan in ba su labari da kaina. Ya ce zai zo. Na ce wa Malama Fan ta ji, ita ce shaida, ba kwamiti ba. Sannan na tashi, na kakkaɓe gwiwa, suka shiga zaurensu.

Ya zo. Ya rataya jan ƙyallen a karkace, na sa shi ya sauko da shi ya sake. A gaban haikali ya tsaya da farantin, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ciwon haƙori. Na ce yaron da ya iya sa tukunyar shinkafa ta yi ruri ai ya iya ɗaga murya. Ya ɗaga. Ya ce shi ne ya ba Goggo Siu-kim sunan, ta tambaye shi, ya yi mata ƙarya. Kasuwa ta taru, har Maigida Tsan ya fito daga shagonsa. Amma ba wanda ya miƙa hannu ga farantin. Kowa ya san ba nasu ba ne su fara ɗauka, in mai sunan bai ɗauka ba ƙofata ba ta wanku ba. Rana ta yi zafi, ganyen binlang ya fara yaushi. Yaron yana ta maimaita maganarsa ga mutanen da suka riga suka ji.

Can sai ga babban ɗan ya tsai da motar ɗaukar abarba, ya sauko da tsohon. An sallame shi daga asibiti, ya rame, yana dogara sanda. Ya zo ya tsaya gaban jikansa ya daɗe yana kallonsa. Ya cire hularsa ya maka masa a ka, ba da ƙarfi ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Ke ce kika kashe ni?"

"Jikanka ya kashe ka, Yaya. Ni kuka kawai na yi."

"Na ji shi. A asibiti wata nas ta kunna mini a wayarta." Ya nuna babban ɗansa da sanda. "Wannan ko albasa aka matsa masa ba zai yi rabin haka ba."

Aka yi dariya, ban yi ba. Na ce ban zo neman yabo ba, ya ɗauka ko ya bari.

"Akwai gyara," ya ce. "Kin ce na ratsa taurari. Ni ko jirgin sama ban taɓa hawa ba. Ba ki ambaci gona ba, ba ki ambaci matata ba. Ranar gaske ba na son wannan shirmen."

"Ranar gaske sai an ɗauke ni tukuna."

"Na ɗauke ki. Tsan, kana ji? Ita za ta yi nawa, kada ka kawo mini mai jan bakin nan."

Ya sa hannu ya ɗauki binlang ɗaya, ko haƙoran tauna shi ba shi da su, ya cusa a kunci. Babban ɗan ya ɗauki taba ba tare da ya dube ni ba. Sai hannuwa suka yi ta zuwa, har mai naman alade, wanda ya kwashi uku. Maigida Tsan ya matso ya ce akwai aiki jibi a wani ƙauyen masunta, in ina da sarari. Na ce zan duba.

Aiki ya dawo. Yaran an ce sun ci maki mai kyau, ba wanda ya zo ya gaya mini, a bakin mai kifi na ji. Abin da ya rage mini shi ne tsohon. Duk ranar kasuwa sai ya sa an sauke shi a ƙofata da abarba ɗaya da sabon gyara. In ambaci shekarar da guguwa ta kwashe masa gona ya sake dasawa. In cire ƙaninsa, sun yi faɗa. In mai da ƙanin, sun shirya. Makon jiya ya ce in ɗan rera masa farkon ya ji ko na riƙe. Na ce ya tashi ya bar mini ƙofa, sau ɗaya aka yaudare ni. Ya tafi yana mita, ya ce zai dawo da maganar surukarsa ta biyu.