Tumakin Gwaji a Gonar Sirkka

Wata ashirin da ɗaya Sirkka Rautio ta yi tana kiwon tumaki ashirin da huɗu a gonarta da ke bayan garin Tampere. Ba nata ba ne, na wani kamfani ne mai gwada sabuwar ƙusar ɗorin ƙashi. Kowace tunkiya an dasa mata guda a ƙafar baya. Ƙusar ta roba ce, tana riƙe karaya har ta haɗe, sannan ta narke a jiki, ba sai an sake tsaga mutum don ciro ƙarfe ba.

Sirkka ta san in shekara biyu ta cika za a kashe su a duba ƙashin. Ta yarda tun farko, don ta ga wahalar da jikarta ta sha, aiki biyu a gwiwa ɗaya, na biyun don cire ƙarfe kawai.

Ranar Litinin da safe tana zuba musu harawa, sai ga Jarkko Niemelä, sabon manajan kamfanin. Ya tsaya a bakin garke yana ɗage ƙafa kada takalminsa ya ɓaci.

"An sayar da kamfanin," in ji shi. "Sabbin masu shi sun soke gwajin. Alhamis likitan dabbobi zai zo ya yi musu allurar mutuwa."

"Wa zai duba ƙashin?"

"Babu. Ƙone su za a yi."

Sirkka ta ajiye bokiti. "Saura wata uku, Jarkko! An huda musu ƙashi, sun yi ɗingishi, ni na wanke musu ciwon da hannuna. Yanzu a ƙone su kamar shara, ba wanda ya ƙaru da komai?"

"Tumaki ne fa, Sirkka."

"Kai ne tunkiya! Fita mini daga garke."

Ko kofi ba ta ba shi ya sha ba. Yana tafiya ta buga wa Dakta Tapani Koskelo waya, tsohon likitan ƙashi da ya yi wa tumakin aiki kafin ya yi ritaya. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa.

"Da kake tsaga su bai fi ƙarfinka ba," in ji ta. "Tashi ka sa wando, tsoho, ka je jami'a ka roƙe su su karɓi tumakin."

Ya je. Ranar Alhamis ta gitta tarakta a ƙofar gona, ta zauna a kai da burodinta, likitan dabbobi ya juya. Sati biyu ana kai ruwa rana kafin kamfanin ya sakar wa jami'a tumakin, amma ya hana takardun gwajin. Sirkka ta fito da nata littattafan, inda take rubuta nauyin kowace tunkiya da ranar da ta daina ɗingishi. Da su aka ƙarasa aikin.

Da lokacin kashe su ya yi, ita ta riƙe kan kowacce. A goma sha tara ƙusar ta narke, ƙashi ya cike gurbin. A biyar kuwa ta bar rami mai ruwa, abin da ba don haka ba, ba za a gani ba sai a ƙafar mutane.

Bayan shekara Tapani ya kawo mata rahoton da jami'ar ta buga. A ƙarshensa an gode wa kamfanin "bisa karamcinsa". Ta duba sama da ƙasa, babu sunanta.

"Karamci!" Ta wurga masa takardar a cinya. "Shanye kofinka ka koma musu. Ka ce su gyara, ko in zo da tarakta."